Babban suwic na sadarwar kwamfuta a ƙananan kamfanoni

Babban suwic na'ura ce ta sadarwar kwamfuta da ke zama cibiyar duk wayoyin sadarwa na ofis, kamfani ko makaranta. A jikinsa ake jona kwamfutoci, firinta, kyamarorin tsaro, na'urorin watsa Wi-Fi da ƙananan na'urorin suwic na sauran ɗakuna, shi kuma yana karɓar bayani daga wannan na'ura ya miƙa wa waccan. An aro sunan ne daga Turanci, kuma ba shi da alaƙa da makunnin lantarki na jikin bango. Tun da kusan duk bayanin da ke yawo a wurin ta cikinsa yake bi, idan ya tsaya, ajiyar lissafi, buga rasit da naɗar hoton tsaro duk suna tsayawa tare.

A yankunan noma irin su Kadawa, da ke cikin Shirin Noman Rani na Kogin Kano a kewayen Kura, Bunkure da Garun Malam, masu buƙatar wannan na'ura sun haɗa da kamfanonin casar shinkafa, dillalan taki da iri, manyan sito-sito na hatsi, asibitoci masu zaman kansu da cibiyoyin kwamfuta. A irin waɗannan wurare, arahar suwic ba ta tsaya ga kuɗin da aka biya ranar saye ba. Ana haɗawa da wutar da yake ci, da juriyarsa ga zafi da ƙura, da kuma sauƙin samun madadinsa idan ya lalace a tsakiyar kaka.

Yadda yake aiki

Kowace na'ura da ke shiga sadarwar Ethernet tana da lambar shaida ta musamman mai tsawon bit 48, wadda ake kira adireshin MAC. Bayani yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Idan ƙunshi ya shigo ta wata kafa, wato ramin da ake jona waya, suwic yana rubuta adireshin mai aikawa tare da lambar kafar a cikin jadawalinsa. Da haka yake sanin wace na'ura ce a kan wace kafa. Idan ya san inda mai karɓa yake, sai ya tura ƙunshin ta wannan kafa kaɗai. Idan bai sani ba tukuna, sai ya watsa ta dukkan sauran kafofin har mai shi ya amsa.

Suwic ya bambanta da rauta. Aikin suwic haɗa na'urorin cikin gida ne, rauta kuwa ita ke haɗa gidan da intanet, ko ta layin kamfanonin waya irin su MTN da Airtel, ko ta tauraron ɗan adam kamar Starlink da ya fara aiki a Najeriya a shekarar 2023. Saboda haka suwic mai tsada ba ya ƙara wa intanet gudu. Abin da yake gyarawa shi ne tafiyar bayani tsakanin na'urorin wurin.

Tarihi

An ƙirƙiro fasahar Ethernet a shekarar 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a ƙasar Amurka, kuma Robert Metcalfe ne fitaccen wanda ya jagoranci aikin. A 1983 cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da ita a matsayin ƙa'ida mai lamba 802.3. A wancan lokaci kwamfutoci suna tarayya ne a kan waya ɗaya, idan biyu suka aika bayani lokaci guda sai ya yi karo. Wani kamfanin Amurka mai suna Kalpana ne ya fitar da suwic na Ethernet mai kafofi da yawa a 1990, sannan kamfanin Cisco ya saye shi a 1994.

Daga nan gudun ya riƙa ninkawa: megabit 100 a daƙiƙa a 1995, gigabit 1 ta wayar faiba a 1998 da ta wayar tagulla a 1999, sai gigabit 10 a 2002. Suwic mai gudun gigabit, wanda a da manyan bankuna da jami'o'i ne kaɗai ke iya saye, yanzu shi ne na yau da kullum a kasuwa.

Matsayinsa a tsarin sadarwa

A manyan ma'aikatu ana raba sadarwa hawa uku: hawan cibiya, hawan rarrabawa da hawan jona na'urori. Tsarin ya yi kama da yadda ake raba ruwa a gonakin Kadawa. Ruwan yana fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya bi babbar hanyar ruwa, ya rabu zuwa rassa, daga rassa ya shiga ƙananan magudanai har ya isa gona. Idan ƙaramar magudana ta toshe, gonaki kaɗan ne za su rasa ruwa. Idan babbar hanya ce ta ɓalle, kowa ya shiga ciki. Babban suwic shi ne babbar hanyar, don haka a kansa ake fi mayar da hankali wajen zaɓe.

Ƙaramin kamfani ba ya buƙatar hawa ukun. Mafi yawa ana haɗe cibiya da rarrabawa a na'ura ɗaya, wani lokaci ma a jona kwamfutocin ofis a jikinta kai tsaye. Ke nan abin da ya mayar da suwic babba shi ne wurin da aka ajiye shi a tsarin, ba girman akwatinsa ko sunan da aka rubuta a kwali ba.

Ire-irensa

Akwai rukuni huɗu da aka fi sani, daga mafi araha zuwa mafi tsada:

1. Suwic mara saiti. Ana jona shi ne kawai ya fara aiki. Ba a iya shiga cikinsa, ba ya raba sadarwa, kuma ba ya nuna inda matsala take.

2. Suwic mai sauƙin saiti. Ana shiga ta burauza a gyara abubuwa kaɗan, kamar raba sadarwa da duba lafiyar kowace kafa.

3. Suwic mai cikakken saiti na mataki na biyu. Yana da duk abubuwan tsaro da sa ido, amma yana aiki ne da adireshin MAC kawai.

4. Suwic na mataki na uku. Bayan aikin na baya, yana iya ɗaukar bayani daga wani sashe na sadarwa zuwa wani ta adireshin IP, ba tare da ya bi ta rauta ba.

Ga wurin da na'urorinsa ba su wuce hamsin ba, rukuni na biyu ko na uku yakan wadatar, a bar wa rauta aikin haɗa sassa. Rukuni na huɗu yana da amfani idan bayani mai yawa ne ke tsallakawa tsakanin sassan a kullum.

Abubuwan da ake dubawa

Yawan kafofi. Ana ƙera suwic da kafofi 5, 8, 16, 24 ko 48. Ana fara ƙirga duk na'urar da za ta shiga da waya, har da rauta da akwatin naɗar hoton kyamara, sannan a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin huɗu saboda ƙarin ma'aikata ko kafar da za ta ƙone.

Gudu. Kafar gigabit 1 ita ce mizani a yau. Ana gane ko suwic zai iya ɗaukar dukkan kafofinsa a cike ta hanyar ninka jimillar gudunsu sau biyu, domin kowace kafa tana aikawa tana karɓa a lokaci guda. Mai kafofi 24 na gigabit yana buƙatar ƙarfin gigabit 48. Idan yana da ƙarin kafofi huɗu na gigabit 10, ƙarfin ya zama 128. Ana rubuta wannan lamba a takardar bayanin na'urar.

Wuta ta wayar sadarwa. Wasu na'urorin suwic suna ba kyamara, wayar tebur da na'urar Wi-Fi wuta ta cikin wayar da ke ɗaukar bayani, fasahar da ake kira PoE. Ƙa'idar 2003 tana ba da wat 15.4 a kafa ɗaya, ta 2009 tana ba da wat 30, ta 2018 kuma tana kaiwa wat 90. Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne jimillar wutar da suwic ɗin zai iya rabawa. Mai kafofi 24 da jimillar wat 195 ba zai iya ba kowace kafa wat 30 ba, don hakan na buƙatar wat 720.

Nisa. Wayar tagulla ta Ethernet ba ta wuce mita 100. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 a wannan nisa, Cat6 yana ɗaukar gigabit 10 zuwa kimanin mita 55, Cat6A kuma har mita 100. Abin da ya wuce haka sai wayar faiba, wadda ke aika bayani da haske. Faiba mai faɗin ciki tana kai gigabit 1 zuwa mita 550, mai siririn ciki kuma tana kaiwa kilomita 10 da abin jonawa da ya dace. Ana jona faiba a kafofi na musamman da ake kira SFP, masu gudun gigabit 10 kuma SFP+. Babban suwic da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu yakan zama cikas ranar da aka gina sabon sito a ƙarshen fili.

Raba sadarwa. Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ta ba da damar raba suwic ɗaya zuwa sassa da ba sa ganin juna, waɗanda ake kira VLAN, har guda 4,094. Da ita ake ware kwamfutar akawu daga Wi-Fi ɗin da direbobi da baƙi ke amfani da shi, a ware kyamarori su ma daban.

Kariya daga zagaye. Idan wani ya jona bakin waya ɗaya a kafofi biyu, ko aka haɗa na'urorin suwic biyu da wayoyi biyu, ƙunshin bayani yakan riƙa zagayawa ba iyaka har sadarwar ta cushe. Radia Perlman ta ƙirƙiro dabarar STP a 1985 don rufe hanyar da ta yi yawa, aka fitar da sigarta mai sauri a 2001. Yawancin na'urori marasa saiti ba su da wannan kariya.

Yanayin Kadawa

An tsara wa zangon farko na Shirin Noman Rani na Kogin Kano kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Ana noman shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, da masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a 2016. Kasuwancin yankin yana bin lokaci ne. Idan kaya suka nuna, motoci kan yi layi a bakin sikeli, kuma tumatir ba ya jira. Tsayawar sadarwa na yini ɗaya a irin wannan lokaci na iya jawo asarar da ta fi kuɗin suwic ɗin. Abubuwa huɗu ne suka fi shafar rayuwar na'urar a nan.

Lantarki. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa. Wuraren sana'a da yawa suna haɗawa da janareto da sola. Duk lokacin da aka sauya daga wannan zuwa wancan, suwic yakan mutu ya sake tashi, mai cikakken saiti kuma yana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ya dawo. Manyan injinan casa su ma suna sa wuta ta yi ƙasa ta yi sama idan suka tashi. Maganin wannan shi ne a ɗora suwic da rauta a kan UPS ko inbata, a layin da ba ya haɗe da na injina.

Zafi. An ƙera yawancin na'urorin suwic na ofis su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 ko 45. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka. Akwai nau'in masana'antu da ke jure har digiri 75, amma ya fi tsada. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi ɗaki mai inuwa da iska, kada a ɗora komai a kan na'urar.

Ƙura. Hazon hunturu da ɓuntun shinkafa suna shiga duk na'ura mai fanka, su toshe ramukan iska. Suwic mara fanka ya fi dacewa da irin wannan wuri, kuma ba ya ƙara. Masu rarraba wuta da yawa ta PoE galibi suna da fanka, don haka suna buƙatar akwati mai matatar iska da shara a kai a kai.

Tsawa. A damina, wayar tagulla da aka ja a sarari tsakanin gini biyu tana iya kwaso ƙarfin tsawar da ta faɗa kusa, ta ƙone kafa ko suwic ɗin gaba ɗaya. Faiba ba ta ɗaukar lantarki, shi ya sa ake fifita ta tsakanin gine-gine ko da nisan bai kai mita 100 ba. Ana kuma haɗa akwatin na'urorin da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa.

Misalin lissafi

A ƙaddara kamfanin casar shinkafa mai ofis da kuma sito da sikelin mota a nisan mita 180. Yana da kwamfutoci 6 a ofis, kwamfuta 1 a bakin sikeli, firinta 1, kyamarori 8, na'urorin Wi-Fi 3, wayoyin tebur 2, akwatin naɗar hoto 1 da rauta 1. Jimilla na'urori 23 ke nan.

A ido, suwic ɗaya mai kafofi 24 ya isa. Amma sito ya wuce iyakar wayar tagulla, kuma kafa ɗaya ce kawai za ta rage. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a ajiye ƙaramin suwic mai kafofi 8 da PoE da kafar SFP a sito, a jona masa kyamarori 4, Wi-Fi 1 da kwamfutar sikeli, a haɗa shi da ofis ta faiba. Babban suwic zai riƙe na'urori 17, ya bar kafofi 7 rara.

Idan kowace kyamara tana cin wat 10, Wi-Fi wat 15, wayar tebur wat 5, ofis zai buƙaci wat 80, sito kuma wat 55. Ke nan babu dalilin biyan kuɗin mai rarraba wat 370. Idan kowace kyamara tana aika megabit 6, su takwas ɗin megabit 48 ne, abin da bai kai kashi 5 cikin 100 na gigabit ɗaya ba. Kafar gigabit 10 ba dole ba ce a nan.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne batir. Wat 135 na na'urorin, da kamar wat 35 da na'urorin suwic biyu ke ci da kansu, sun zama wat 170. Riƙe wannan na awa 10 cikin dare yana buƙatar wat-awa 1,700. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma rabinsa kawai ake shawartar a ja don ya daɗe. Batir ɗaya bai isa ba ke nan, tun ma ba a lissafa rauta da akwatin naɗar hoto ba. Wannan ne ya sa kowane wat da suwic ke ci yake shiga cikin farashinsa na gaskiya.

Sabo ko na hannu

Daga ƙasashen waje ake shigo da na'urorin suwic, saboda haka farashinsu yana bin canjin dala, kuma ya tashi sosai bayan sauya tsarin canjin naira a watan Yunin 2023. Masu saye daga Kura da Bunkure sukan nufi shagunan kwamfuta na birnin Kano, kamar na titin Beirut, ko su yi oda daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Kamfanonin da aka fi sani a wannan aji sun haɗa da TP-Link na ƙasar Sin, MikroTik na Latbiya, D-Link na Taiwan, da Cisco, Netgear da Ubiquiti na Amurka. Misali, samfurin CRS326-24G-2S+ na MikroTik yana da kafofi 24 na gigabit da biyu na SFP+, TL-SG3428X na TP-Link kuma yana da 24 da huɗu na SFP+. Wasu samfura, kamar Meraki na Cisco, suna aiki ne da lasisin da ake sabuntawa, don haka ana lissafa kuɗinsa tun farko.

Na hannu da aka ciro daga manyan ma'aikatun Turai da Amurka suna da ƙarko da sauƙin kuɗi, amma akwai abin lura. Da yawa daga cikin tsofaffin gudun megabit 100 ne da su, suna cin wuta, suna da fanka mai ƙara, kuma idan kamfanin ya daina fitar musu da sabuwar manhaja, duk wata kafar kutse da aka gano a buɗe za ta zauna. Ba su kuma da garanti. Kafin biyan kuɗi ana gwada kowace kafa, a saurari fanka, a mayar da na'urar saitinta na asali don a tabbata ba a kulle take da kalmar sirrin tsohon mai ita ba.

Wani ma'auni shi ne mai gyara. Suwic ɗin da ma'aikacin kwamfuta na kusa ya iya saitawa ya fi amfani da wanda sai an kira ƙwararre daga nesa. Manyan ma'aikatu suna ajiye babban suwic biyu masu aiki tare. Ƙaramin kamfani yana iya wadatuwa da ajiye na'ura mai araha a kwali, da kwafin saitin babban a rubuce, don a maye gurbinsa cikin mintuna.

Kurakuran da aka saba yi

Sayen waya mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa tagulla. Tana saurin karyewa, tana ɗaukar zafi idan PoE na bi ta cikinta, kuma ba ta cika ƙa'ida ba. A nan ne maganar Hausawa ta araha ba ta ado take tabbata.

Jera ƙananan na'urorin suwic ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Idan na tsakiya ya mutu, duk na bayansa sun yanke. Ana so kowanne ya tafi babban suwic kai tsaye.

Barin kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani.

Rashin sa wa wayoyi lamba, abin da ke mayar da gyaran minti biyar aikin yini guda.

Duba kuma

Ethernet
Rauta
Wayar faiba
Madatsar Tiga
Shirin Noman Rani na Kogin Kano
Kura
Bunkure